Wai a dasa wa ɗana da mahaifina na'urar bibiya a jiki, in yarda?

Saƙon da ya iso min a wannan makon daga wata baiwar Allah ne, na taƙaita shi kaɗan:

"Anti dan Allah ki ban shawara. Ina da yaro ɗan shekara 7 mai lalurar galahanga, ba ya magana sosai, kuma da zarar ya ga ƙofa a buɗe sai ya fice. Watan jiya ya ɓace mana kusan awa 4, a bakin wani ruwa aka tsince shi. Ga kuma mahaifina a wurina, shekararsa 78, ciwon mantuwa ya kama shi, sau biyu yana fita tun gari bai waye ba wai zai tafi wurin aiki, aikin da ya ajiye tuntuni. Yayana ya ga talla a intanet na wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake dasawa da allura a ƙarƙashin fata, wai duk inda mutum ya shiga za ka gan shi a waya. Ya ce a yi wa su biyun, kuma kar a gaya wa Baba, a ce masa allurar magani ce tunda ba ganewa zai yi ba. Maigidana ya yarda. Ni zuciyata ta ƙi kwanciya, amma wallahi na gaji, rabona da barcin kirki har na manta. Laifi ne in na yarda?"

'Yar'uwa sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Baba lafiya ya raya miki yaron nan. Sau uku na karanta saƙonki, kuma duk karantawa inda nake tsayawa shi ne awa huɗun nan da bakin ruwan nan, dan na san duk uwar da ta taɓa leƙa ɗaki ta ga babu yaro, ta leƙa bayan gida babu, ta fita ƙofa tana kiran sunan da ta san ko ya ji ba lallai ya amsa ba, to ba mai gaya mata menene tashin hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dan haka ba zan zauna nan in ce miki kin yi mugun tunani ba, kuma yayanki ma ba mugu ba ne, tsoro ne ya kai shi ga tallan nan. Kuma tsoron yana da tushe. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a Amurka a 2012 ya gano kusan rabin yaran da ke da wannan lalura, wadda ake kira autism a Turance, sun taɓa yunƙurin ficewa su kaɗai bayan sun wuce shekara 4, kuma ruwa da mota su ne manyan haɗarin da ke jiransu a waje. Ƙungiyar masu kula da ciwon mantuwa ta can Amurka ita ma ta ce cikin mutum 10 masu ciwon, 6 za su taɓa fita su kasa gane hanya ko da sau ɗaya ne. Kinga ba sakacinki ba ne, halin ciwon ne.

Amma amsata ita ce a'a, kar ki yarda. Zan gaya miki dalili, kuma ba zan bar ki hannu rabbana ba, akwai abin yi.

Da farko dai abin da aka tallata wa yayanki, a yadda aka kwatanta shi, babu shi. Ƙwayar na'urar da ake dasawa da allura gaskiya ce akwai ta, amma ba ta bibiyar kowa. Ba ta da batir kwata-kwata, a kwance take kamar matacciya har sai an kawo wata na'urar karantawa kusa da ita, kusa sosai, tazarar 'yan santimita, sannan ta ɗan farka ta faɗi lambar da ke cikinta, shikenan aikinta. Na taɓa raka wata ƙawata wurin likitan dabbobi da magenta, na ga yadda ake yi da idona, likitan ya ɗauko wani abu kamar rimot ya dinga shafa shi a bayan wuyan magen, sama da ƙasa, sai da ya taɓa gashinta sannan ya yi ƙara lamba ta fito. Ya ɗaga hannu kaɗan, shiru. A Ingila tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare irin wannan, amma duk da haka in kare ya ɓata ba wanda ke buɗe waya ya ga inda yake, sai wani ya tsince shi ya kai inda ake da na'urar karantawa sannan a gane na wane ne. Ta mutane ma haka take. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wata mai suna VeriChip, abin da ke cikinta lamba ce mai alƙaluma 16 kawai da asibiti zai yi amfani da ita ya buɗe bayanan lafiyar mutum in an kawo shi a sume, kuma a 2010 kamfanin ya daina sayar da ita dan ba ta samu karɓuwa ba. A Suwidin dubban mutane sun sa irinta a hannu suna buɗe ƙofa da ita, har tikitin jirgin ƙasa an yi da ita a can, amma duk sai sun kara hannun a jikin na'ura.

Shi kuwa GPS da wayarki ke aiki da shi wajen nuna inda kike wani abu ne daban, da taurarin ɗan'adam yake aiki. Taurarin ɗan'adam ɗin suna can sama kusan kilomita 20,000, su ba sa ganin kowa, sigina kawai suke watsowa, na'urar da ke ƙasa ita ke saurara ta lissafa inda take. Dan ta saurara tana buƙatar eriya da wuta, sannan dan ta gaya miki ke a gida tana buƙatar sim da sabis da ƙarin wuta, shi ya sa in kin kunna taswira a waya caji ke zuba kamar ana tsiyayarsa. Toh ina za a sa batirin a ƙwayar shinkafa, kuma wa zai dinga yi wa damtsen yaro caji kullum? Ga shi naman jiki da ruwan da ke cikinsa suna shanye siginar. Dan haka wanda ya sa tallan nan, ko dai ta dabbobi zai soka wa ɗanki ya karɓi kuɗi, ko kuma ba abin da zai aiko. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar da za ki saki jiki ki ce ai yana da na'ura a jiki, ki bar ƙofa, sannan a buɗe waya a ga wayam.

An yi irin wannan a Meziko lokacin da satar mutane ta yi ƙamari, masu hali suka dinga biya ana dasa musu, alhali ƙwayar ba ta aikin komai sai in mutum na ɗauke da wata na'urar daban a aljihu, wadda ita ce farkon abin da ɓarawo zai ƙwace ya jefar. Jaridu ma sun ruwaito cewa a 2010 waɗanda suka sace wani babban ɗan siyasa a can sun tsaga fatarsa sun ciro tasa. Ki tsaya ki yi tunanin wannan da jikin yaro ɗan shekara 7. Ranar da miyagu suka yarda cewa yara na yawo da na'ura a cikin nama, to wuƙa za su fara ɗauka, har ga yaran da ba a sa wa komai ba. Garin neman gira kenan a rasa ido.

To amma na san yayanki zai ce yau ne babu, gobe za a ƙera. Wataƙila. Shi ya sa ba na so in tsaya a kan cewa ba ta aiki kawai, dan ko da tana aiki ɗari bisa ɗari amsata ba za ta canza ba, kuma ke ma ina jin abin da ya hana zuciyarki kwanciya kenan tun kafin ki san duk wannan bayanin.

Mu fara da Baba, dan maganar allurar maganin nan ita ta fi tsaya min a rai. Mutumin nan shekara 78 yana mallakar jikinsa, shi ke cewa eh shi ke cewa a'a, shi ya ɗauke ku a kafaɗa ke da yayan naki. Yau dan ƙwaƙwalwa ta fara gajiya sai a zaunar da shi, a naɗe masa hannun riga, a dube shi ido cikin ido a ce Baba magani ne, shi kuma ya miƙa hannu saboda ya yarda da 'ya'yansa. Yardar nan da ta rage masa ita za a yi amfani da ita a yaudare shi. Ni dai na kasa haɗiye wannan. Ciwon mantuwa ba kamar kashe fitila ba ne, a hankali yake tafiya, kuma yana da lokuta, akwai safiyar da za ki same shi garau ya san kowa ya san komai. Mutum na iya manta ranar yau amma bai manta abin da yake so da abin da yake ƙi ba. Na yi jinyar gwaggona shekara uku da wannan ciwon, takan tambaye ni sunana sau biyar kafin azahar, amma ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta kama hannunta ba sallama ba bayani za ta ɗaura mata abin awon jini, sai ta fizge, ta dube ta ta ce "ke, ba a tambaya?" Ban taɓa manta muryar nan ba. Matar da ba ta san shekarar da muke ciki ba, ta san hannun nan nata ne. Daga ranar ko mayafi zan gyara mata sai na ce Gwaggo in gyara? Kuma kusan kullum sai ta ce gyara mana, tambayar kawai take so.

Ba ke kaɗai kika taɓa tsayawa a wannan mararrabar ba. A 2007 a jihar Filorida ta Amurka an shirya gwada VeriChip ɗin nan a kan masu ciwon mantuwa kusan 200 a wata cibiyar kula da su, da amincewar iyalansu, mutane suka fito zanga-zanga a ƙofar wurin, kuma tambayarsu ɗaya ce, ta yaya wanda ba zai iya fahimtar abin ba zai zama shi ne za a fara gwaji da shi? A shekarar ne kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya fito da rahoto cewa a wasu tsofaffin gwaje-gwaje an ga ƙari ya fito a gefen ƙwayar a jikin wasu ɓerayen ɗakin gwaji. Ba a tabbatar da haka a jikin ɗan'adam ba, kar in tsorata ki da abin da ba haka ba, amma ita kanta FDA ta lissafa haɗurra tun farko, cewa jiki na iya ƙin ta ya kumbura, tana iya matsawa daga inda aka sa ta, kuma tana iya kawo matsala wurin hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti mai suna MRI. Sawa minti biyu ne da allura, cirewa kuwa sai an tsaga an lalubo, dan nama na naɗe ta. Babba mai hankalinsa in ya ji duk wannan ya ce ya yarda, jikinsa ne, ruwansa. A Amurka jihar Wiskonsin tun 2006 ta yi doka cewa ba wanda za a tilasta wa dasa ta, Dakota ta Arewa da Kalifoniya suka biyo baya a 2007. Kuma ki lura da su wa ake fara nunawa da yatsa duk lokacin da maganar dasawa ta taso, kullum marasa baki ne. A yankin Papua na ƙasar Indonesiya a 2008 har an kai ƙudiri majalisa na a dasa wa wasu masu ɗauke da cutar HIV dan a dinga sa musu ido, sai da aka yi ca sannan aka janye. Kullum da sunan kariya ake farawa.

Sai yaronki. Nan ya fi wuya, na yarda, dan ke ce uwa, kuma dama ke kike yanke masa hukunci a kan jikinsa, ke kika kai shi rigakafi yana kuka bai yarda ba, in yana buƙatar tiyata ke za ki sa hannu. Yayanki zai ce to meye bambanci? Bambancin shi ne rigakafi na yi wa jikinsa aiki ya wuce, ba ya ɗaura shi a hannun kowa. Na'urar bibiya kuwa igiya ce, bakinta ɗaya a jikinsa ɗaya bakin a hannun wani, kuma ba ki da tabbacin hannun wa zai riƙe ta nan da shekara 20. Yau yana da 7, ke ce da wayar. Zai yi 17, zai yi 30 in Allah ya so, kuma yara masu wannan lalura da yawa suna canzawa sosai, wasu su yi magana, wasu su yi karatu su yi aiki, ba ki san inda naki zai kai ba. Ranar da ba kya nan wa zai gaji kalmar sirrin? Dangin da ke ƙaunarsa, ko wanda ke hangen abin da aka bar masa? In aure ya samu matsala, Allah ya kiyaye, wa ke da ikon gani? In kamfanin ya daina harkar kamar yadda na VeriChip ya daina, ko aka sayar da shi, ina bayanan ke tafiya, na cewa yaro kaza mara magana kullum ƙarfe kaza yana bin hanya kaza? Ai wannan bayanin shi ne ainihin abin da mugu ke nema. Kuma kar ki ce ai suna da tsaro, a 2006 wani injiniya mai suna Jonathan Westhues ya nuna a fili cewa ana iya kwafe lambar VeriChip da 'yar na'urar da ya haɗa da kansa. Agogo in ya zama matsala sai a kwance shi a ajiye. Abin da ke cikin nama sai wuƙa.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce yaro na da haƙƙin sirrinsa, a sashe na 16, kuma a sashe na 12 ta ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa. Ta masu buƙata ta musamman ta 2006 ta ƙara da cewa lalura ba ta cire wa mutum ikon jikinsa. Ba wai na kawo miki su dan takarda ta fi ki son ɗanki ba, ina, babu takardar da ta kwana huɗu ba barci saboda shi. Na kawo su ne dan ki ga abin da zuciyarki ta ji, mutane da yawa sun ji shi har sun rubuta. Wanda ba zai iya cewa a'a da baki ba, nauyin kiyaye masa a'ar tasa a kanmu yake.

Akwai wani labari da nake so yayanki ya ji. A 2002 a garin Soham na Ingila an kashe wasu 'yan mata biyu 'yan shekara 10, ƙasar gaba ɗaya ta girgiza, cikin wannan firgicin ne wasu iyaye suka nemi wani farfesa na jami'ar Reading, Kevin Warwick, wanda shi ya taɓa dasa wa kansa irin wannan a 1998, ya dasa wa 'yarsu mai shekara 11. Ƙungiyoyin kare yara suka ce sam, kuma ba a yi ba. Da aka kama wanda ya yi kisan sai ga shi mai kula da ginin wata makaranta ne a garin, mutumin da ba baƙo ba ne. Abin da ya sa na kawo shi, yawancin cutar da ake yi wa yara da tsofaffi daga na kusa take zuwa, a cikin wurin da taswira za ta nuna miki cewa lafiya lau yana inda ya kamata. Ɗigo a waya na gaya miki wuri ne kawai, ba ya gaya miki hali.

Toh me za ki yi, tunda dai ƙofa ba za ta daina buɗuwa ba?

Ba na cikin masu cewa duk wata bibiya haramun ce. Yaron da aka tsinta a bakin ruwa yana buƙatar a san inda yake, Baba ma haka. Abin da nake cewa a yi da abin da ake iya cirewa, kuma a yi shi a fili. Akwai na'urorin GPS na gaske da ake ɗaurawa kamar agogo, ko a maƙala a ɗamara, ko a ɗinke cikin aljihun riga, akwai ma na cikin takalmi, suna da sim da batir, za ki iya zana musu iyaka a taswira ta yadda da ya tsallake wayarki za ta yi ƙara. Tun 1999 wani shiri mai suna Project Lifesaver da ya faro a jihar Bajiniya ta Amurka yake amfani da abin hannu mai sigina irin na rediyo wajen nemo irin su Baba da irin ɗanki, ba tare da an huda kowa ba. Sai dai ki buɗe ido wajen saye. A 2017 hukumar kare masu saye ta Nowe ta gwada wasu agogunan yara ta ga baƙo na iya kutsawa ya ga inda yaro yake har ma ya yi masa magana, a shekarar kuma Jamus ta hana sayar da masu sauraren magana a ɓoye. Dan haka ki nemi na kamfanin da aka sani, ki canza kalmar sirrin da ya zo da ita a ranar farko, ki kashe abin sauraro in yana da shi, kuma mutum biyu ko uku kawai su san hanyar shiga, ba a tura wa dangi kaf ba. Ƙananan na'urorin nan irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021 ba GPS ba ne, da wayoyin mutanen da ke kusa suke dogara, inda ba mutane ba za su taimake ki ba, kuma shi kansa kamfanin ya ce dan kaya ya yi su.

Yaro mai galahanga sau da yawa ba ya son abu ya taɓa masa fata, zai iya cizge agogon a minti ɗaya, kar ki karaya. Ki fara da minti biyar a rana lokacin da yake cikin abin da yake so, ki ƙara a hankali, in ya ƙi hannu a gwada ƙafa, in ya ƙi a koma riga. Kuma ki gaya masa ko da kina ganin kamar bai ji ba, "wannan dan Mama ta san inda kake ne", ki nuna masa ɗigon a waya ki ce ga ka nan. Suna ji fiye da yadda muke zato. In ya girma ya nuna ba ya so, a zauna a sake magana, abin da dasawa ba za ta taɓa ba shi ba kenan.

Shi kuwa Baba ki zaɓi safiyar da yake garau, ki zauna kusa da shi, ke da yayanki in zai yiwu, ki ce Baba ranar nan da ka fita hankalinmu ya tashi, muna so ka sa agogon nan dan in ka yi nisa mu zo mu ɗauko ka. Kar ki ce dan kar ka ɓata, kalmar nan na yi wa dattijo ciwo. Zai iya yarda, zai iya ƙi. In ya ƙi a bari a sake gwadawa wata rana, in ya yarda yau gobe ya manta ya tambaya menene wannan, a sake gaya masa gaskiya, ko sau ɗari ne. In ciwon ya yi nisan da ba ya iya fahimta sam, to ku yanke masa tare da likitansa, kuna tambayar kanku da Baba na da ne me zai ce, kuma ku zaɓi mafi sauƙin abin da zai wadatar. Sannan fitar nan tasa ta wurin aiki ki kula da ita, tana da lokaci, kin ce kafin gari ya waye. Gwaggona ita da yamma take tashi wai za ta ɗauko yara daga makaranta, yaran da suka yi jikoki. Musu da ita bai taɓa aiki ba, abin da ya yi aiki shi ne in ce to mu je tare, mu zaga mu dawo, kafin nan abin ya sake ta. Ki sa wani ya dinga fita da Baba yana taka ƙafa kullum, jikin da ya motsa da rana ya fi kwanciya da dare. Ki gaya wa likita maganar fitar asubar nan, wani lokacin ciwo ne a jiki ko wani magani ke hana shi barci.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne amma su suka fi ceto. Sakata a can sama inda hannun yaro ba ya kai, da 'yar ƙararrawa a ƙofa mai ƙara in an buɗe, amma kar a kulle su da kwaɗo a tafi, saboda gobara. Abin hannu ko kati a aljihu mai lambar wayarki, ba sai an rubuta adireshi ba. Hoton kowannensu na kwanan nan a wayarki. Maƙwabta uku ko huɗu da kika yarda da su su san halin da ake ciki, ki cire kunya, su san in sun ga yaron shi kaɗai ba wasa yake ba, kuma su san ba a binsa da gudu ana ihu dan ƙara gudu zai yi. Ki rubuta duk wuraren ruwa da ke kusa da ku, in ya ɓace can za a fara zuwa kafin ko'ina, kuma a sanar da jami'an tsaro nan take ba sai an jira ba. In da hali a koya masa iyo, wannan kam ki sa shi a gaba.

Sai ke. Kin ce rabonki da barci kin manta, kuma ina zargin rabin abin da ya sa tallan nan ya yi wa kowa daɗi a gidan shi ne yana alƙawarin cewa ba sai kowa ya canza komai ba, allura ɗaya shikenan, ke kuma ki ci gaba da ɗaukar mutum biyu ke kaɗai. Yayanki da ya damu har ya nemo talla, madalla, ki riƙe shi da wannan damuwar. Ki tura masa wannan amsar ya karanta, sannan ki ce masa Yaya kuɗin da ka yi niyyar kashewa a sayi agogo biyu da ƙararrawar ƙofa, ragowar a samo mai taya ni kwana da Baba, kuma dare biyu a mako naka ne. Maigidanki ma a ba shi nasa daren, da aikin sa wa na'urorin caji kullum kafin a kwanta, dan agogon da ba caji daidai yake da babu. Ki rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda Baba ya karɓi maganar, da ko yaron ya bar agogon a hannu ko sai da aka koma riga.